Abincin da Jiki Ba Ya Karɓa: Darasi Daga Gwajin Daniyel

Kafin ka shiga wannan darasi, ɗan'uwa, ka buɗe Littafin Daniyel sura 1, ka karanta daga aya 8 zuwa 16. In a aji kuke, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su bi shi da ido.

A can mun ga samari huɗu na Yahuza, watau Daniyel da Hananiya da Mishayel da Azariya. An kwashe su zuwa Babila, aka sa su karatu a fadar sarki Nebukadnezzar har shekara 3, aka yanka musu rabo daga abincin sarki. Daniyel kuwa ya ƙudura a ransa ba zai ci ba. Shugaban da ke bisansu ya ji tsoro, gama in sarki ya ga sun rame, a bakin ransa. Daniyel bai ta da gardama ba. Ya je wurin wakilin da aka sa ya lura da su, ya roƙa a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa kaɗai, sa'an nan a dubi fuskarsu, a dubi ta sauran samarin, a yi hukunci bisa ga abin da ido ya gani.

Dalilin Daniyel ba ciwon ciki ba ne. Ƙazantuwa a gaban Allah yake gudu, kada fa mu sa wa Littafi abin da bai faɗa ba. Mu kuwa masu bi, Ubangiji Yesu ya riga ya koya mana cewa abin da ke shiga ciki ba shi ke ƙazantar da mutum ba. Saboda haka abin da za mu tattauna a nan ba dokar haram ba ce, maganar lafiyar jiki ce. Amma ku dubi yadda Daniyel ya shirya gwajinsa. Ya yanke kwanaki. Ya faɗi sarai abin da za a ci da abin da za a bari. Ya kuma bar wani dabam ya duba sakamakon. Likitoci ba su da wata hanya da ta fi wannan in suna neman abincin da ke wahal da mutum.

Cikin gidajen 'yan'uwa da ke zaune a Sabon Gari da Fagge, har zuwa Rijiyar Lemo a kan hanyar Katsina, akan ji irin wannan kuka. Wannan, cikinsa kullum a kumbure. Waccan, borin jini ya hana ta barci. Ga yaro kuma, zawo ya ƙi tsayawa, ba ya ƙiba, an sha maganin kemis har an gaji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda zuciya takan tafi in an rasa dalili. A ce yaro ya ci kantu a gidan maƙwabta, kafin ya iso gida leɓensa ya kumbura. Nan da nan sai a fara raɗa, wai an yi masa sammu, wai tsohuwar gidan mayya ce. Zumuncin shekara da shekaru ya lalace, an ɗauki alhakin baiwar Allah, alhali kuwa riɗi ne jikin yaron ba ya karɓa. In ba a gane ba, gobe zai sake ci a wani gida, wataƙila ma abin ya fi na yau muni.

BA IRI ƊAYA BA NE

Akwai wanda garkuwar jikinsa takan ɗauki wani abinci kamar abokin gāba, ta tasam masa da yaƙi. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa wa wannan hali suna a 1906, sunan da muke ji a asibiti ana cewa alaji. Alamarsa ba ta jinkiri. Daga 'yan mintoci zuwa kamar awa 2 bayan ci, sai ƙaiƙayi da borin jini, leɓe ko ido ya kumbura, a yi amai. In ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe, numfashi ya sarƙe, mutum ya faɗi. Ɗan ƙanƙanin abu ya isa, ko da ragowar da ta maƙale a cokali. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne gyaɗa, da madara, da ƙwai, da kifi, da jatan lande wanda 'yan'uwanmu na kudu suke niƙawa cikin miya, da riɗi, da waken suya, da alkama, da ƙwallon kashu da danginsa. Maganin gaggawa allurar adiranalin ce, ba jiƙo ba, ba man ja ba, ba jiran gari ya waye ba. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Wanda ya taɓa yin irin wannan, ko sau ɗaya, kada ya yi gwajin da za mu kwatanta a gida. Nasa gwajin sai a gaban likita.

A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai suna Natasha, shekararta 15, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Landan. Ta san jikinta ba ya karɓar riɗi, ta duba takardar da aka naɗe shi, ba ta ga an ambaci riɗi ba. Ashe an cuɗa shi cikin ƙullun. Ta faɗi a cikin jirgi, ta rasu a ranar. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka kafa dokar da ta fara aiki a 2021, cewa duk abincin da aka naɗe a kanti don sayarwa sai an rubuta abin da ke cikinsa.

Akwai kuma iri na biyu, wanda ya fi yawa a cikinmu, bai kuwa cika kisa ba, sai dai wahalarwa. Shi wannan a hanji yake, yakan kuma bi yawan abin da aka ci. Babban misalinsa madara ce. A cikin madara akwai wani irin sukari wanda hanjin jariri yake narkarwa da sauƙi, amma yawancin mutanen duniya in an yaye su ƙarfin narkar da shi yakan ragu. A 1971 Likita Norman Kretchmer na Amurka da Likita Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka buga binciken da suka yi a Nijeriya. Sun tarar yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girmansu, Yarabawa da Ibo kuwa kusan dukan manyansu ba su iyawa, Hausawa ma da yawa ba su iyawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya sha fura da nono lafiya lau, gama tsamin nono ya riga ya cinye wani kashi na sukarin, amma in ya sha shayi mai kaurin madara, ko ya ci tuwon madara, sai ciki ya yi ta ƙugi da iska da zawo.

Na uku shi ne ciwon alkama. A lokacin yunwar da aka yi a ƙasar Holan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace. Likita Willem Dicke yana lura da wasu yara masu zawo da rama a asibitin birnin Heg. Abin mamaki, a cikin yunwar nan sai yaran suka sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwo ya dawo. Dā ma yana zargin alkama, a 1950 kuwa ya rubuta tabbacin abin. Yanzu an san wani sinadari ne mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir, ana ce da shi gulutan, yake cinye bangon hanjin masu wannan ciwo. Mu gode wa Allah, babu shi a gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da doya. Mai wannan ciwo a ƙasar Hausa ba zai kwana da yunwa ba.

YADDA AKE GWAJIN

Da fari ka tafi asibiti. Kada ka ɗora wa abinci laifin tsutsar ciki, ko atuni, ko taifot, ko gyambon ciki, gama su ne suka fi yawa a garinmu, suna kuwa da magani. Ga Asibitin Murtala a cikin birni, ga na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya. In ana zaton ciwon alkama ne, a ɗebi jini tukuna kafin ka daina cin ta, domin in ka riga ka bari gwajin jinin ba zai nuna ba. Ƙaramin yaro, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon sukari, kada a rage musu abinci sai da yardar likita.

Wannan hanya wani likitan Amurka, Albert Rowe, ya baza ta tun shekarun 1920. Ka sayi ɗan littafin rubutu. Sati ɗaya ka ci abincinka yadda ka saba, kana rubuta kome da ya shiga bakinka da lokacinsa, da abin da ka ji a jiki da lokacinsa. Daga nan kai da likita ku zaɓi abin da kuke zato, ɗaya ko biyu, ka janye shi ɗungum har sati 2 zuwa 4. Kwana 10 na Daniyel bai cika isa ba a nan, gama hanji da fata sukan yi nawa wajen warkewa. In ba ka ga bambanci ba, to, ba shi ba ne, ka koma cin abinka da godiya. In ka ji sauƙi, aikin bai ƙare ba. Ka maido da shi, kaɗan ran farko, ka ƙara kashegari, ka jira kwana 3 kana rubutawa. In ciwo ya dawo, ka kama ɓarawo. Abu ɗaya ɗaya ake maidowa.

Mutane da yawa sukan tsaya a rabin hanya. Sun ji sauƙi, sai tsoro ya hana su maidowa, su yi ta ƙara abin da suka haramta wa kansu, yau madara, gobe ƙwai, jibi wake, har su rame a banza. Wannan ba gwaji ba ne, horon kai ne wanda ba wanda ya sa su.

ABIN DA KE ƁOYE CIKIN LEDA

Tuwo da miya ba su cika ɓata gwajin nan ba, gama uwargida ta san abin da ta zuba a tukunya. Kayan ƙwalama su ne masu ɓata shi. Ga mutum ya bar madara sati 3, yana ta mamaki ciki bai lafa ba. Tambaye shi abin da yake ci a shago da hantsi, sai ka ji biskit ne da ɗan cakulan, ko wefa da ya saya a hannun yara a danja. Bai bar madara ba ko kwana ɗaya. Biskit guda yana iya ɗauke da alkama da madara da ƙwai da waken suya gaba ɗaya.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta wa masu yin abincin da ake rufewa a leda ko kwali su rubuta abubuwan da suka haɗa, da sunansu da adireshinsu, da ranar da zai lalace. Yawancinmu lambar hukumar da kwanan wata kaɗai muke dubawa. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista. Ba ta ce jikinka zai karɓa ba.

Juya ledar, ka nemi wurin da aka jera kayan haɗi. Ana fara rubuta abin da ya fi nauyi a ciki, a bi da mai bi masa, har zuwa mafi ƙanƙanta. Ka karanta har ƙarshe, gama abin da kake gudu sau da yawa a wutsiya yake. Rubutun ƙanana ne ƙwarai. In ido bai kai ba, a ɗauki hotonsa da waya a buɗa shi, ko a ba ɗan makaranta ya karanta.

Wahalar ita ce abu ɗaya yana da suna da yawa, da Turanci kuwa ake rubutawa, sai mu koyi kalmomin yadda suke a jikin leda. Gyaɗa ita ce groundnut, ita ce kuma peanut, a kayan da suka shigo ta Maraɗi kuwa da Faransanci za ka ga arachide. Madara ba kullum ake rubuta milk ba. Whey da casein da lactose da butter da cream duk daga madara suke. Alkama ita ce wheat, amma in ka ga flour kawai, ko semolina, ita ce dai. Malt yawanci daga sha'ir ne. Riɗi shi ne sesame, ko tahini a kayan ƙasashen Larabawa. Lecithin, wanda wani lokaci akan rubuta E322, galibi daga waken suya ake samunsa. Daga E220 zuwa E228 kuwa magungunan hana ruɓa ne da sukan ta da wa wasu masu fuka ciwonsu. Ba sai ka haddace dukansu ba. Ka rubuta sunayen naka abin a bangon littafinka, ka riƙa tafiya da shi kasuwa.

A ƙarƙashin jerin wani lokaci za ka ga an ƙara layi mai farawa da may contain. Ma'anarsa ba su zuba abin da gangan ba, amma injin da ya yi wannan ya yi wani mai gyaɗa ko madara, ana iya samun ragowa. Mai kumburin ciki saboda madara ba lalle wannan ya dame shi ba. Mai alaji mai tsanani kuwa ya ajiye.

A ƙasashen Turai tun 2014 abu 14 ne doka ta ce a nuna su a fili, shi ya sa a kayansu za ka ga wasu kalmomi da baƙin rubutu mai kauri. A Amurka 9 ne, riɗi ne na ƙarshen shiga, a 2023. Amma kasuwar Singa da ta Sabon Gari kaya daga ko'ina suke karɓa, wani da rubutun Sin, wani da na Turkiyya, wani babu kome. Sau da yawa kuma jerin yana jikin babban kwali ne, ƙananan ledojin da ake sayarwa ɗaiɗai ba su da shi. Ka roƙi mai kanti ya nuna maka kwalin. In babu, a kwanakin gwaji ka bar shi. Wanda ka karanta bara ma ka sake karantawa bana, gama masu yi sukan sāke haɗi ba sanarwa. Dunƙulen magi shi ma a duba shi.

NAMU NA GIDA

Kayan ƙwalamarmu na gargajiya ba su da takarda, sai sani da tambaya. Mai gudun gyaɗa a Kano yana da aiki ja, gama garin gyaɗa ne tun da jirgin ƙasa ya fara kwasarta a 1912, ko da yake dalar gyaɗa ta daɗe da zama labari. Kowa ya san ƙuli-ƙuli da kantun gyaɗa da kunun gyaɗa. Amma tana nan cikin yajin tsire, tana cikin labun kilishi, tana bisa gurasa bandashe, tana cikin daƙuwa da kwaɗon zogale da na rama. Ƙosai da awara da dankali kuma, a tambayi man da aka soya su. Man gyaɗa na gida, wanda mata suke matsewa, yana ɗauke da abin da ke ta da alaji.

Alkaki da dubulan da cincin da fanke da funkaso da gurasa, alkama ce. Taliya da tuwon semo haka. Ɗanwake asalinsa garin wake ne da rogo da kuka, amma yanzu da yawa da fulawa suke yi, har mai waina ma wata takan ɗan zuba. Tuwon madara da gullisuwa da iloka, madara ce zalla da sukari. Nakiya da man shanu ake haɗa ta. Awara waken suya ce, daddawa ma ba kowacce ce ta kalwa ba, akwai ta waken suya.

Yadda za a yi tambaya shi ma abin koyo ne. In ka ce wa mai talla, “Ba gyaɗa a ciki, ko?” za ta ce babu, don kada ciniki ya wuce ta, ko kuwa don ita ba ta ɗauki mai a bakin gyaɗa ba. Gara ka gaishe ta, ka ce, “Inna, da me da me aka haɗa wannan? Da wane mai aka soya?” In yarinya ce aka ɗora wa talla, ba ta sani ba, kada ka matsa mata. Mafi sauƙi a kwanakin gwaji shi ne ka fita da guzurinka: dabino, ko aya, ko gasasshiyar masara, ko dafaffen rogo, ko ayaba, abin da ido yake ganinsa yadda Allah ya halicce shi.

A CIKIN JAMA'A

Ku karanta Romawa sura 14, aya 1 zuwa 6. Manzo Bulus yana maganar lamiri ne, amma gargaɗinsa ya shafe mu: mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya ga laifin mai ci. A wurinmu ƙin abincin mutum babban abu ne. In 'yar'uwa ta ce jikinta ba ya karɓar abu kaza, kada a ce iyayi ne, ko rashin bangaskiya. Kada kuma wata ta zuba mata a ɓoye don ta gwada ko gaskiya ne. Ana iya asarar rai ta wannan hanya.

Ga waɗanda suke zaune a unguwa kamar Rijiyar Lemo, a tsakiyar maƙwabta Musulmi, akwai abin lura. Da Salla sukan aiko da cincin da alkaki da nama, mu ma da Kirsimeti mukan aika. In kana cikin gwaji, ka karɓa hannu biyu, ka yi godiya, mutanen gida su ci. In an sa maka a gaba, ka faɗi dalilinka a fili, ka ce likita ne ya hana ka alkama zuwa wani lokaci. Kada ka yi shiru har maƙwabcinka ya zaci ƙyamar abincinsa kake yi saboda addini.

Malaman Makarantar Lahadi da shugabannin Zumuntar Mata, ku tambayi iyaye kafin a raba wa yara biskit da alewa, ku ajiye kwalin har a tashi. Iyaye kuma ku koya wa yaron sunan abin da ba ya ci, ya iya faɗa da bakinsa. Amma kada tsoro ya sa ku hana jarirai masu lafiya kunun gyaɗa. Binciken da Likita Gideon Lack ya yi a Landan, aka buga a 2015, a kan yara 640, ya nuna waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun suna jarirai sun fi tsira daga alajinta nesa ba kusa ba. A dama ta cikin kunu bayan wata 6, kada a ba su ƙwaya gudun shaƙewa. Jaririn da fatarsa ke da ƙuraje masu tsanani, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa, a fara nuna shi ga likita.

Saura maganar Jibin Ubangiji. Wanda likita ya tabbatar masa da ciwon alkama, ko ɗan gutsuren gurasa yana taɓa hanjinsa. Kada ya daina zuwa teburin a ɓoye, har a zaci yana ƙarƙashin horo. Ya sami pasto da dattawa tun kafin ranar, ya nuna musu takardar asibiti, su shawarta abin da tsarin ekklesiyarsu ya yarda. In an shirya masa tasa dabam, a sa ta a wani faranti, kada ta haɗu da sauran.